Hannun Daman Malam Iro

Har yau ban manta da ranar da aka kawo mini Malam Iro ba. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a wajen Ɗambatta. Aikinmu shi ne dawo wa gaɓa da motsinta bayan karaya ko shanyewar jiki.

Malam Iro manomin albasa ne a Watari. Ya faɗo daga amalanke, damtsensa na dama ya karye, Baba Hassan maɗori ya ɗora shi. Wata uku bayan haka iyalinsa ba su yarda ya kwance hannun daga rawanin da ya rataye shi ba, wai kada ɗorin ya goce. Da na kwance, sai na ga damtse ya tsotse kamar sillen kara.

“Ɗana, da hagu nake cin tuwo,” in ji shi, kansa a ƙasa. “Na daina fita ƙofar gida cin abinci da mutane.”

Hoton ƙashi ya nuna ɗori ya kama sarai. Shugaban sashenmu ya ce a tura shi Kano. Na ce, “Yallaɓai, a ba ni sati shida.” Ya dube ni ya ce in na kasa, ni zan raka Malam Iro a mota.

Na koma wurin Malam Iro, na kama damtsen na ce, “Baba, ƙashi ba ya motsa kansa. Tsokar nan ta gaba ce ke jan sa hannu ya lanƙwashe, ta baya ta ja ya miƙe. Guga ce da igiya. Gugarka lafiya lau, igiyar ce ta saki saboda zama.”

Ya gyaɗa kai, amma yana komawa gida aka sake naɗe shi. Raina ya ɓaci ƙwarai. Daga baya na gane cewa wanda ya yi ɗorin kawai za su saurara. Na hau babur na tafi wurin Baba Hassan, na durƙusa na gaishe shi, na ɗaga masa hoton a rana. Ya daɗe yana kallon aikin hannunsa, sannan ya ce, “To uban wa ya ce su bar shi a rataye har yau?” Shi da kansa ya je ya kwance rawanin.

Muka fara da matsa curin laka, sai ɗaga kwanon gero, sai jan ruwa a rijiya. Malam Iro ya sha zagina a zuci, na sani.

A sati na biyar ya shigo ya miƙo mini hannun dama. Ya matse nawa har sai da na yi ƙara, ya ce jiya a ƙofar gida ya ci tuwo, har da ƙari.

Ban taɓa alfahari da aikina kamar ranar ba. Ku da kuke sababbi a wannan aiki, in mara lafiya ya zo daga hannun maɗori, kada ku fara da zagin maɗorin. Ku fara neman gidansa.