Kawu Bawa da Wasiƙar da Ta Sha Mai

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban tukubar agashen Kawu Bawa a tashar jirgin ƙasa ta Sinnar ya san tambayarsa. Kafin ya miƙa maka nama sai ya ji inda za ka, kana faɗa kuma ya ce, "Wa ka sani can?" Ko Alhaji Sambo na ƙauyenmu bai tsira ba ranar da ya zo sallama zai tafi Makka. Alhaji ya ce ai wurin Ubangijinsa za shi. Kawu ya jinjina kai ya ce, "Wannan ya isa. Amma riƙe sunan wani mai shayi a Jidda, ko za ka ji ƙishirwa."

Tattali kuwa, kun san shi. Tsinkensa ba ya bin mai saye. Ya taɓa bin jirgi da gudu har ƙarshen tasha saboda wani fasinja ya hau da tsinke biyu. Takardar ƙunshe nama bai taɓa sayenta ba, duk wadda ta faɗo hannunsa ta zama tasa.

Ni ɗan ƙanwarsa ne. Shekarar da na gama makaranta ba ni da abin yi sai karatun ƙananan littattafan soyayya na kasuwa da tunanin Zainabu. Mahaifinta ya faɗa mini a fili cewa ba zai saurari maganata ba sai ina da aiki a hannu. Ana haka sai aka ji wani gidan gurzar auduga a Sinnar na neman akawun sikeli biyu, za a rufe ɗaukar suna ranar Alhamis da azahar. Na zauna na tsara wasiƙa shafi biyu da Larabcin littattafan nan, na ari wando, na hau lori daga Wad Haddad ranar Litinin.

A bakin ƙofar gidan akwai wani tsoho mai gadi zaune a kan buhu. Na wuce shi kamar ban gan shi ba. Ya tare ni da sanda ya ce babu kowa ciki, alhali ina jiyo muryoyinsu.

Da na ba Kawu labari, abu ɗaya ya tambaya: na gaida tsohon? Na ce a'a. Ya karɓe wasiƙar ya cusa ƙarƙashin tire, ya ce daga gobe in ɗauki butar gahawa in je in zauna kusa da Ammu Usman mai gadi, in gaishe shi, in zuba masa, kuma in na kuskura na ambaci aiki to kada in dawo masa gida.

Talata tsohon ya amsa sallamata, ya sha gahawa, bai ƙara ko kalma ba. Laraba ina zaune samari suka yi ta wucewa da takardunsu, kafin la'asar na ji an cike gurbi ɗaya. Na ruga wurin Kawu na ce ya ba ni wasiƙata in jarraba sa'ata. Ya ce ai ta tafi, ya ƙunshe nama da ita.

Na ɗora hannu a ka. Na ce masa zan je kan madatsar ruwa in tsaya in kalli kogi, kamar yadda masoya ke yi idan duniya ta juya musu baya.

"Tahi," in ji shi. "Ɗauki bokiti, ka taho mini da ruwa."

Ranar Alhamis na koma, ba wasiƙa, ba dabara. Sai ranar Ammu Usman ya ga damar magana. Ya tambayi sunan mahaifina da na kakana, da yadda dawarmu ta yi bana, da ko ruwa na isa gonarmu a kan kari. Ina amsawa ina satar kallon inuwar katanga tana tsukewa. Sau biyu maganar aikin ta zo bakina na haɗiye. Da na ga ladan ya nufi masallaci da buta, sai na ji Zainabu ta kuɓuce mini.

Tsohon ya ajiye kofi ya ce, "Kwana uku ba ka roƙe ni komai ba. Ranar farko kuma ba ka ma gan ni ba."

Na durƙusa na ce ya yafe mini, ƙuruciya ce.

Ya miƙe ya kama hannuna, muka shiga. Babban akawu na ganinsa ya tashi tsaye. Ashe tsohon wan mahaifiyarsa ne, shi ya rene shi. Ammu ya ce, "Wannan namu ne, ka duba shi," ya fita.

A kan teburin akawun na hango wasiƙata, ta sha mai da yaji har ana ganin katako ta cikinta. Akawun ya ɗaga ta da yatsa biyu ya karanta a hankali: "Zuciyata na jiran amsarku kamar gonar da ke jiran ruwa." Ya dube ni ya tambaya ko ni ne mai gonar. Na ce ni ne. Ya ce rubutun hannuna ya fi na duk waɗanda suka zo kyau, amma buhun auduga ba ya son kuka. Ya sa na rubuta sunaye da nauyi a gabansa. Ana kiran salla ya sa sunana.

Na tambayi Kawu ko da gangan ya yi. Ya ce shi dai takarda ce ta zo hannunsa, sai dai shekara tara ke nan babban akawun yana aiko a saya masa nama duk Laraba. Sannan ya ce, "Na bar tsinke ɗaya cikin ƙunshin. Gobe in ka shiga ofis ka amso mini abuna."

Wannan ne aikina na farko, kuma na yi shi. Zainabu har yau in muka yi saɓani takan kira ni mai gona.

Ranar jana'izar Kawu masu gadi da direbobi da akawuna suka cika sahu, kowa da wanda Kawu ya taɓa haɗa shi da shi. Ina zuba ƙasa tambayarsa ta faɗo mini. Allah ya jiƙan Kawu Bawa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da masu tarbarsa a can, kamar yadda bai taɓa barin ɗayanmu ya isa wani wuri a matsayin baƙo ba. Amin.