Tagar Ɗakin Batir

Sifana ake ce masa, saboda ƙaramar sifanar da ba ta barin aljihunsa na baya. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma fanka, da sola ta shigo ya hau rufin kwano ya koya da hannunsa. Gajere ne, mai surutu, kuma ba ya fara aiki sai ya zagaya gida sau biyu yana duba inda rana take faɗawa.

Na kira shi lokacin da man janareta ya fi ƙarfina. Ya zauna a baranda ya tambayi abin da za mu kunna: firji, fanka uku, fitilu, da kwamfutar autata, wadda ke shekarar ƙarshe a jami'a. Ya ce batir iri biyu ne. Akwai busasshe, ba ya neman kulawa, amma ya ninka ɗayan tsada sau uku. Akwai mai ruwa, mai araha, sai dai rainonsa ake yi: duk wata a duba shi, a ƙara masa tataccen ruwa, a goge kawunansa. Na zaɓi mai ruwa, guda huɗu.

Ya jera su a ƙaramin sito kusa da kicin. Kafin ya tafi ya nuna tagar da ke sama, ya ce batir in yana caji numfashi yake yi, kuma numfashinsa yana kama wuta.

"Malam, ko me za a yi, kar a rufe tagar nan."

Auta ce ta karɓi rainon. Yana kiran ta Injiniya, ita tana ce masa Kawu, tana tsokanarsa cewa sai an ɗaure masa tsani biyu kafin ya kai rufi. Shi kuma ya ce ai dogaye ne ke fasa goshi a ƙofa.

Bayan wata takwas aka sace batir biyu a gidan maƙwabcinmu, ta taga. Na kira magini ya toshe tamu da bulo, na sa ƙofar ƙarfe. Auta ta tuna min maganar Kawu. Na ce iskar da ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa ta isa.

Wata Asabar da rana tsaka, lokacin da caji ya fi ƙarfi, ta shiga da galan ɗin ruwa. Ban san abin da ya yi tartsatsi ba. Ƙarar fashewar batir ta fasa gilashin kicin. Na same ta a jingine da bango, ɓallen murfin batir ya yanke ta a wuya, ruwan batir yana cin rigarta da fatarta. Na danne raunin da hannu biyu har cikin mota. Ta cika kafin mu kai asibiti.

Kwana uku bayan haka Sifana ya zo yi min ta'aziyya. Bai gama kashe babur ba ƙanena ya finciko shi ƙasa, yana cewa ga wanda ya haɗa mana ajali da kayan jabu. Mai waldan layinmu ya zo da bututun ƙarfe. Suka ja shi a kan tsakuwa, suna shurinsa a ciki da fuska har haƙoransa biyu suka zube. Sifanar ta faɗo, wani ya ɗauka ya buga masa a ƙeya. Ƙanena ya take masa hannun dama, ya ɗaga bulo ya sauke a kai. Na ji ƙarar ƙashin daga baranda.

A barandar nake tsaye tun farko. Na san wanda ya toshe tagar, kuma na san in na yi shiru babu mai tambaya. Na yi shiru kamar minti huɗu. Sai da na ga an zare tiyon mai daga babur ɗinsa ana tara fetur a gora, sannan na sauko.

"Ku sake shi. Ya ce kar a rufe taga. Ni na rufe."

Ƙanena ya ce, "Yaya, baƙin ciki ne ke sa ka wannan magana."

Na ja shi har sito, na nuna masa sabon simintin. Ya daɗe yana kallo. Da muka fito mutane sun watse, saura mai walda yana ɗaure wa Sifana hannu da rigarsa.

Yatsu uku na hannun ba su sake lanƙwasuwa ba, don haka ya daina hawa rufi. Ya koma teburin rediyo, yana kwance noti da hagu. Duk ƙarshen wata yana bin gidajen da ya taɓa haɗa wa sola, ba a kira shi ba, ya leƙa taga, ya duba ruwa, ya wuce. Matan gidajen suna ce masa sufeto, yana dariya da giɓinsa.

Gidana ne kawai bai sake shiga ba. In mun haɗu yana gaishe ni, Malam ya gida, ya haƙuri. Sau ɗaya na fara ba shi labarin minti huɗun nan. Ya dakatar da ni da hannun da ya shanye.

"Na gan ka, Malam. Ina ƙasa ina kallon ka."