Matar da ke Ƙofar Makarantar Raino

Daga cikin Keke Napep, Saratu tana kallon wata mata a ƙofar makarantar rainon yara a Kurmin Sarki. Gajera ce, ta manyanta, da tabarau mai igiya da silifas da suka sha hanya. Duk yaron da zai fita sai ya bi ta hannunta.

Wani mai kwat, da katin aikin Abuja rataye a wuya, ya iso. Wata yarinya ta ruga ta rungume ƙafarsa.

"Mama, 'yata ce fa. Ba ki ga ta san ni ba?"

"Na gani, Yallaɓai. Ni ce ban san ka ba. Kira mini uwarta."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma saki hannun yarinyar ba. Wataƙila tsohuwar nas ce. Wataƙila kuma ta taɓa miƙa wani yaro ba tare da tambaya ba.

Mutumin yana tsaki yana latsa waya. Mai keke ya ja, Saratu kuwa tana ta ƙoƙarin tuna ko an taɓa tambayar ta ita wace ce a inda take ɗauko nata ɗan.