Kwalba Mai Cibiya

Ko da tsufa zai sa in manta sunana, ba zan manta safiyar da mutanen unguwarmu suka kewaye maigidana a kan wata 'yar kwalba da ba ta fi yatsa tsawo ba. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubuta mini. In kun ga magana ta yanke, kuka ne ya ci ƙarfina, don har yau ban iya tuna Malam, maigidan nawa, da busasshen ido. Allah ya jiƙansa.

A lokacin kuɗin mai ya shigo, a Wudil kowa rushe ginin ƙasa yake yana sa bulo da kwano. Duk inda aka haƙa harsashi sai tsohon juji ya fito. Malam gyaran keke yake a bakin kasuwa, amma ba abin da ya shiga ransa kamar tsofaffin kwalabe. Da ya tashi aiki sai ya ɗauki 'yar fartanyarsa ya bi ramuka, wani lokaci har ƙauyen Dagumawa. Ba sayarwa yake ba. Wanke su yake da yashi, ya ɗaga saitin rana, ya yi ta yi mini bayani ina tankaɗe. Wadda ɗinkin jikinta ya hau har baki, ya ce ta inji ce, yarinya ce. Wadda ke da ƙwayoyin iska a jiki, ga tabo a gindi kamar cibiya, wannan da baki aka hura ta, ta girme mu duka. Ni kuwa tsiya nake masa, in ce mazan wasu nama suke kawowa, nawa kakanni yake kwaso mini.

Maƙwabcinmu yana da ɗa direban babbar mota, ciwo ya kwantar da shi, yana ta tari yana ramewa. Ashe sun je wurin boka, ya ce musu asiri aka binne masa a bayan gidansu, cikin kwalba. Mu ba mu da labari.

Ran nan aka yi ruwa mai ƙarfi, ya zaftare gefen jujin da ke bayan katangarsu. Malam ya fita da safe, ya hangi abu yana ƙyalli, ya tsuguna ya tono. Ina hura wuta na ji hayaniya. Da na fito, na tarar yayan mara lafiyar ya shaƙe wuyan rigar Malam, ɗaya hannunsa riƙe da gatari. Mutumin da Malam ya koya wa hawan keke, wanda kullum Baba yake ce masa. A hannun Malam ga 'yar kwalba shuɗiya, bakinta a toshe, da wani baƙin abu kwance a ciki.

"Ashe kai ne," in ji shi. "Muna gaishe ka, kana cin ƙanena."

Malam ya yi ta rantsuwa, yana nuna masa gindinta, yana cewa ya dubi cibiyar, wannan tun ba a haifi ubansa ba take cikin ƙasa. Wa zai saurari zancen cibiya? Mutane sai ƙaruwa suke, wasu da sanduna. Uwar mara lafiyar tana bakin ƙofa tana kuka, tana cewa me suka yi mana.

Sai na ga dabara, a ganina. Na ruga ɗaki na jawo buhun kwalabensa na zazzage a gabansu, don su ga abin sha'awarsa ne kawai. Sai wata mata ta ce, "To, ga na sauran unguwa nan." Dutse ya fito daga baya ya fasa wa Malam goshi, jini ya sauko har gemunsa. Ya juyo ya dube ni.

Allah ya kawo mai unguwa. Ya shiga tsakani. Wasu na cewa a fasa kwalbar, wasu na cewa in an fasa mara lafiya zai cika nan take. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in buɗe. Ko mene ne a ciki zan sa a harshena. In sharri ne, ya fara da ni." Yayan ya ɗaga gatarin, ya ce in ƙaninsa ya ko yi tari, shi ma zai sauke shi a kan Malam.

Malam ya sa tsinke yana sassaƙe toshin. Ni kuma ba addu'ar da ban jawo ba, kunnena yana cikin gidan maƙwabta, ina roƙon Allah ya riƙe tarin nan. Mutane suka ja da baya. Toshin ya marmashe.

Ƙamshi ne ya fito. Turare, mai nauyi, irin wanda ban taɓa ji ba.

Kakar mara lafiyar, tsohuwar da idonta ya riga ya tafi, tana zaune a dakalin zaure tun farko ba wanda ya kula da ita. Ta ɗaga kai ta ce a miƙo mata. Ta shafa kwalbar, ta kai hanci, sai ta fashe da kuka. Ta ce nan inda ake zuba shara nan ne ɗakin uwarta yake kafin gobara ta cinye shi tana yarinya, kuma wannan turaren fataken Larabawa ne, uwarta ba ta buɗe shi sai ranar Salla.

"Kai, ajiye gatarin nan," ta ce wa jikanta. "Mutum ya tono mini uwata za ka sare shi?"

Haka aka watse, kowa kansa a ƙasa. Daga baya aka kai mara lafiyar asibiti a Kano, aka ce tarin fuka ne, ya sha magani ya tashi. Sun zo sun ba da haƙuri, Malam ya ce ya yafe. Amma bai ƙara tono ba. Ya haƙa rami a tsakar gida ya zuba kwalabensa ya rufe, ya ce ya mayar wa ƙasa kayanta. Na yi ta jiran ya sake kirana in zo in ga wata kaka, har ya bar duniya bai kira ba.

Da tsohuwar ta ji ajali ya matso, ta aiko mini da kwalbar, ta ce ta Malam ce. Ranar da ya rasu na miƙa wa masu wanka, aka ɗiga ragowar a likkafaninsa.

Abin da na koya shi ne, mai ciwo a gida neman wanda zai ɗora wa yake, kuma wanda ya fi kusa shi hannu ke kaiwa. In kun ga mutum yana son abin da ba ku gane ba, ku tambaye shi tun ana zaman lafiya. Ban-haƙuri ya warkar da goshin Malam, amma bai dawo masa da fartanyarsa ba.