Dawuda Mai Hoton Walda

A Manga, cikin ƙasar Zuru, aka haifi Dawuda. Ubansa tsohon soja ne, amma shi bai sa kaki ba. Da ya gama golmo, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, sai ya bi kawunsa kudu, inda ake shimfiɗa bututun mai. Can ya koyi ɗaukar hoton walda.

Da wata 'yar ƙwaya ake aikin, ba ta kai gyaɗa girma ba. Tana fitar da hasken gamma, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa ƙarfe. Cikin tukunya mai nauyin tsiya take zama. A murɗa waya ta fito ta haska bututu, a murɗa ta koma. Shekara goma sha huɗu Dawuda yana wannan.

Wata Talata da rana tsaka wayar ta tsinke, ƙwayar ta faɗo cikin laka, ga leburori suna dawowa daga cin abinci. Ba a zo da dogon awartaki ba. Ya daka musu tsawa su tsaya nesa, ya ɗauke ta da filaya ya jefa cikin tukunya. Ko zafi bai ji ba. Bayan kwana goma hannun ya kumbura, ya yi bororo kamar ƙunar tafasasshen ruwa, ya ƙi warkewa. Yatsu uku likita ya yanke. Kamfanin ya rubuta cewa ma'aunin hasken gamma da ke maƙale a rigarsa bai nuna komai ba, aka sallame shi.

Ya dawo Zuru da hannun da ba ya riƙe garma. Ya kama gadin coci. 'Yarsa Leah ke wanke masa gyambon kullum da safe kafin ta tafi makaranta.

Leah ta girma ta zama malamar kimiyya a sakandare. Da ta shiga digiri na biyu, abin da ya cinye hannun ubanta ta zaɓa. Ta riƙa gasa fallayen ƙarfe cikin garin wani sinadari mai suna boron, tana kai su ɗakin gwajin jami'a a haska su da gamma, a auna abin da ya ratsa. Fatanta a sami garkuwa marar nauyi da za ta tare hasken. Shekara biyu tana kai da kawo, uban kuwa duk wanda ya zo coci sai ya ji labarin.

A lokacin, ciwon jini ya riga ya kwantar da shi. Ran nan ta shigo da takardu, ta zauna bakin gado.

"Yaya dai, uwata?"

"Baba, bai yi ba. Saman ƙarfen ya yi tauri, ko zarto ba ya cinsa. Amma hasken yana wucewa kamar da. A wasu ma ya ɗan fi."

Ta buɗe takardun.

"Akwai falle biyu da suka ɗan nuna alheri," in ji ta. "Wani abokin karatuna ya ce in rubuta su kaɗai."

Dawuda ya yunƙura da ƙyar ya zauna. "Nawa kika gwada?"

"Goma sha biyu."

"To, sha biyun za ki rubuta. Wata rana mutum zai tsaya bayan ƙarfen nan, ya ɗauka ya tsira. Shi ba ya karanta takarda, aiki kawai za a tura shi."

Ta rubuta yadda ma'auni ya nuna.

Cikin watan Agusta ya rasu, saura mako uku ta kare binciken a gaban malamai. Ruwa ya cinye hanyar Manga, sai a kafaɗa aka ƙarasa da akwatin gawar. Leah ta ci jarrabawar. Fallayen suna nan cikin wani kwali a ƙarƙashin gadonta, tsatsa ta fara cin gefensu.