Rezon da Na Kawo Daga Yamai

Shekarar da na gama koyon gyaran salula a Yamai, na koma Filinge da ƙaramin akwatin kayan aiki da girman kai mai yawa. Kawuna, mai sayar da hatsi a kasuwa, ya ara mini rabin rumfarsa. Sharaɗinsa ɗaya ne: in kaka ta yi bai ga mutane suna zuwa wurina ba, zai cika wurin da buhuna, ni kuma in koma gida in taya Inna daka.

Damina ta yi nisa, ko kaza ba ta leƙo ni ba. Maza su tsaya, su dubi tebur, su dube ni, su tambayi ina mai gyaran ya tafi. Wani har cewa ya yi zai jira shi. Don haushi na ba shi kujera, na bar shi yana jira har la'asar.

Ana cikin haka aka gayyace ni Yamai, taron wata ƙungiya ta mata masu aikin na'ura. Akwai masu rubuta manhaja, akwai masu haɗa sola. Shugabar taron ta yi ta nanata kalma guda ta Faransanci: rezo. Sanin mutane take nufi, a samu wadda za ta ambaci sunanki a inda ba kya nan. Aka sa lambata cikin gurup ɗinsu, aka yi hoto, aka ci shinkafa, na hau mota na dawo.

A ƙofar gida na haɗu da Gwaggo, yayar babana, wadda ke shugabantar foyandin unguwarmu, wato taron da mata ke wuni tare suna ci suna hira. Maganar da ta shiga kunnen Gwaggo da safe, kafin azahar ta kai har garin Tabla.

"Ɗiyata, mi kika samo Yamai?"

"Na shiga rezo, Gwaggo. Babba, na mata zalla."

Ta riƙe haɓa. "Na mata zalla? Alhamdu lillahi!"

To, a ƙasarmu ta Kurfai rezo abu guda ne: wanda ake hawa tudu ko amalanke ana ɗaga salula sama ana nema. Ban tuna da wannan ba sai ranar kasuwa, da na iske mata sun cika rumfa tun kafin in shimfiɗa kayana.

"Ke ta mai rezon?" in ji wata. Kafin in amsa ta ɗaga salularta bisa kaina tana juyawa. Wata ta goga tata a mayafina. Na yi bayani har muryata ta dushe, suka ce rowa nake yi. Abin takaicin, rumfar Kawu tana kallon eriyar gari, don haka duk wadda ta kira sai kiran ya shiga. Aka yi ta guɗa. Ni da na yi karatu, ga ni an mai da ni sandar eriya. Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur.

Can wata tsohuwa daga wajen Abala ta matso, ta kwance wata salula daga bakin zaninta.

"Ɗiyata, ɗana shina Libiya. An ce ya aiko murya, ni ko ba ni jin komi. Sammini rezon naki."

Na karɓa na duba. Rezo cike yake, lasifikar ce garin hatsi ya toshe. Na tambaye ta abin da ya hana ta kai wa masu gyara na bakin tasha.

"In kuka shikai hwa? Maza su ji ɗana na kuka?"

Na buɗe salular, na share da tsohon buroshin haƙori, na danna. Murya ta fito tangaram: "Inna, lahiya lau nike, kar ki damu." Ba kuka yake ba, dariya ma yake yi. Mu ne muka yi kukan, ni da ita.

Daga nan saluloli suka fara fitowa daga cikin zannuwa: mai fasasshen gilashi, wadda ta faɗa cikin fura, mai ɗauke da hotunan biki da ba a so namiji ya gani. Na ba matan Yamai labari a gurup, suka yi dariya har da hawaye, sannan ɗaya ta haɗa ni da mai sayar da gilasai, ya riƙa aiko mini ta motar kasuwa. Har yau akwai masu rantsuwa cewa kira ya fi shiga in ina zaune. Na gaji da musu.

Da kaka ta yi, Kawu ya iso da amalanke shaƙe da buhuna. Na tuna da sharaɗinsa. Ya tsaya yana kallon matan da suka cika gefena har sun malala cikin nasa. Wata da ba ta san shi ba ta ce, "Malam, nan na mata na, ka yi gaba."

Ya dube ta, ya dube ni. Ya shiga ya ɗauko tiyarsa da tabarmarsa, ya shimfiɗa a waje. Duk kakar nan a rana Kawu ya auna hatsinsa, da malafa a ka, ni ina cikin inuwar rumfarsa. In na ce ya dawo ciki, sai ya ce in yi aikina.