Jakar Siebren a Kan Tuta

Siebren Hoekstra ya bar makaranta yana ɗan shekara goma sha huɗu, ya kama aikin shimfiɗa bulo a tituna har gwiwoyinsa suka gaza. Da ya ajiye aiki, shi da matarsa Tineke suka sayi gida a wata unguwar masu iyali a garin Almere na ƙasar Holland. Ba su taɓa haihuwa ba, sai maƙwabta suka riƙa gunaguni, wai an ɓata gida mai ɗaki huɗu a kan tsofaffi biyu. Siebren kuwa ya shiga makarantar manya.

Duk watan Yuni, gidan da yaro ya ci jarrabawar ƙarshe yakan kafa tuta, a rataya jakar makarantarsa a kai. A shekara ta uku da shigarsa makarantar, sai ga tuta da jaka a ƙofar Siebren.

Maƙwabcinsa Joost ya leƙo ta kan shinge. "Dattijo, jikan wa ka aro? Wannan ai al'adar yara ce, sauke ta kafin unguwa ta yi maka dariya."

"Yaron gidan nan ne ya ci, maƙwabci," in ji Siebren, yana ƙara ɗaure igiyar. "Shekararsa sittin da tara, kuma ba inda zai tashi ya koma."